Randar da Aka Samu Kafin a Same Ta

Da ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Alhamis aka kawo wa Insfekta Bong Taesik rahoton sata. Yana zaune gaban fanka ya kwance maɓallin wuya, don zafin watan Agusta a birnin Daegu ba ya jiran rana ta ɗaga kafin ya fara dafa mutum.

"Me aka sace?" ya tambaya, bai ko ɗago kai ba.

"Randa," in ji Saje Namgung.

"Randa kuma? A tura masu sintiri mana."

"Randar daddawa ce, Yallaɓai. Ta gidan abincin Inna Okbun."

Insfekta ya zabura har kujera ta faɗi. Shekara goma sha tara ke nan yana cin abincin rana a wurin Inna Okbun, miyar daddawar waken suya da awara, kullum sha biyu da rabi. A gida matarsa ta haɗa baki da likita sun hana shi gishiri. A duk faɗin garin nan, miyar nan ce kaɗai ke tuna masa da hannun mahaifiyarsa, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

"Ɗauko mota," ya ce.

Saje Namgung mace ce mai shekara hamsin, ta yi ashirin da shida a aikin, kuma ba wanda ya taɓa ganin tafin hannunta na hagu saboda waya. Tana tuƙi tana cewa, "Labarin ma ya riga mu isa. Mutum dubu uku sun danna masa zuciya."

"Zuciyar me?"

"Bari dai, Yallaɓai. Sai mun je."

Sun sami Inna Okbun a tsakar gidan da ke bayan shago, tsaye a gaban jerin randunanta, riƙe da ludayi. A tsakiyar jerin akwai gurbi, da zagayen shaidar gindin randa a kan siminti. Tsohuwar ba kuka take ba, haƙora take cizawa.

"Ɗan nan, ka zo?" ta ce. "Iri suka ɗauke mini. Ga randuna goma sha ɗaya, ba su ga ta ɗauka ba sai uwar."

Insfekta ya san zancen. Duk shekara in ta yi sabuwar daddawa, sai ta ɗebi ludayi uku daga tsohuwar randar ta cuɗa a ciki, ta mayar mata da ludayi uku na sabuwar. A hannun surukarta ta gaje ta, shekara saba'in ke nan ba ta yanke ba.

"Numfashi take yi," in ji Inna. "Da safe a buɗe ta ta sha rana, da yamma a rufe. In ta yi kwana uku a toshe cikin wannan zafin, ta mutu. In ta mutu, ni ma na rufe shago, don ba zan tsufa ina sayar wa mutane ƙarya ba."

Insfekta ya shiga lissafi. Ya ƙirga da yatsa: Alhamis, Juma'a, Asabar.

Wani mutum ya fito daga shago sanye da riga mai guga, yana ƙamshin turare. Gwangsop ke nan, ɗan Inna tilo, mai shekara arba'in da shida. Bara ya ajiye aikin inshora ya dawo gida, ya buga wa kansa kati mai rubutun "Shugaban Sashen Talla". Shi kaɗai ne a sashen.

"Kai ka fara gani?" Insfekta ya tambaye shi.

"Ni ne, Yallaɓai. Bakwai saura minti biyar na fito, na ga wayam."

"Sai ka kira mu."

"To, hankalina ya..."

"Ni na kira," Inna ta katse shi. "Shi cewa ya yi a bari jama'a su nemo. Jama'ar waya!"

Saje ta karanto abin da aka wallafa a shafin gidan abincin na intanet, wanda mutane ke ta danna wa alamar zuciya: "Shekara saba'in tana raye. Jiya wani ya shigo ya ɗauke ta. Mahaifiyata ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Wane irin mutum ne zai yi wa tsohuwa haka? Ku faɗa mana a ƙasa, ku yaɗa."

"Shinkafa kwano biyu na ci," in ji Inna. "Wa zai yi faɗa da yunwa?"

"Ƙarfe nawa aka wallafa?" Insfekta ya tambaya.

"Bakwai daidai."

Ya dubi Gwangsop. "A minti biyar ka ga sata, ka ɗauki hoto, ka rubuta wannan?"

"Baƙin ciki ne, Yallaɓai, shi ke sa hannu sauri. Ni dai ba na zargin kowa. Amma jiya da yamma na ga Baba Pyo yana leƙen katangarmu."

Ba a sha wahalar neman Baba Pyo Mandok ba. Shagonsa na taliyar hannu yana tsallaken layi, har allon sunansa ya fito a kusurwar hoton da aka wallafa, tas, ana karanta lambar waya. Shi da Inna Okbun shekara talatin suna gaba a kan inda za a ajiye kwandon shara.

Shagon ba kowa, sai ƙudaje biyu da wayar tebur da ke ta ruri. Baba Pyo ya ɗaga, ya saurara, ya ce, "Kai ma haka, da kakanka," ya kife.

"Tun safe ke nan," ya ce. "Wani daga can tsibirin Jeju ya kira ya zage ni. Jeju fa! Jikata ta ce an ba ni tauraro ɗaya, makin ƙarshe a intanet, sau ɗari huɗu. Mutanen da ko ƙofata ba su sani ba, wai taliyata tana warin sata."

"Baba, jiya da yamma ka leƙa katangarsu?"

"In leƙa in ga me? Fuskar tata?"

"Ka taɓa cin daddawarta?"

"Gara in ci kwali."

Sha biyu da rabi ta yi, kuma tukunya na tafasa. Insfekta ya ce a zubo masa kwano ɗaya, saboda bincike. Ya kai cokali baki, ya tsaya. Ya sake kai na biyu, ya rufe ido. Shekara goma sha tara ba wasa ba ce, harshensa ya fi karen ofis sanin aiki.

"Baba, daddawar ina ce a romon nan?"

"Ta kanti."

"Wane kanti?"

"Ya rufe."

"Yaushe?"

"Jiya."

Saje ta shiga bayan kicin, ta fito rungume da wata 'yar randa da ba ta fi kwarya girma ba. Insfekta ya buɗe ya shinshina. Ita ce, ko shakka babu. Sai dai bakin randar ya yi baƙi da tsohon ɓawon gishiri, irin wanda ba ya taruwa a shekara ɗaya, balle a kwana ɗaya.

"Wannan ba ta jiya ba ce," ya ce. "Ina ka same ta?"

Tsohon ya karɓe randarsa ya rufe da hannu biyu. "In kamu ne ku kama ni. Amma wannan ba za ta ji daga bakina ba."

"Kada ka bar gari."

"In je ina? Har Jeju an san ni."

Ranar Juma'a Insfekta ya bi dillalan tsofaffin kaya guda bakwai, ya duba kyamarorin layi. Ta bayan gidan Inna ce kaɗai ke kallon ƙofar tsakar gida, ita kuma an juya ta tana kallon sama. Da ya dawo da azahar sai ya kasa samun wurin ajiye mota. Layin mutane ya miƙe daga ƙofar Inna har kantin magani, kowa da laima da waya. Wasu ba abinci ya kawo su ba, gurbin randa suka zo ɗauka a hoto. A tsallaken layi kuwa Baba Pyo na wanke ƙwai daga jikin gilashinsa.

"An sake wallafawa," in ji Saje. "Sha biyu daidai. Saurara: Kwana ɗaya babu ita. Wasu kuwa suna ta murza taliyarsu kamar ba abin da ya faru. Mu dai ba mu kama suna ba. In ku ne, za ku yafe?"

"Tabɗi," in ji Insfekta. "Bai kama suna ba, ya kama wuya."

Wata mata a layi ta leƙo. "Yallaɓai, ku kama shi mana! Gadon shekara ɗari fa!"

"Saba'in," in ji Saje.

"Ɗari aka rubuta."

Suka haɗa wayoyi. Saƙon Alhamis ɗin ne, shafi ɗaya, amma a wayar Saje saba'in ne da hoto mai launi, a ta matar ɗari ne da hoto baƙi da fari. Insfekta ya sa tabarau ya karɓi wayar Saje. Ya ƙura wa hoton ido: ga gurbin randa, ga allon Baba Pyo, ga tabarma a gefe an shanya jan barkono.

Ya kutsa cikin kicin. "Inna, ina barkonon da kika shanya?"

"Wane barkono? Tun Talata na kai niƙa. Matsa mini, kana tare hanya."

Insfekta ya sami Gwangsop a bakin ƙofa yana raba wa mutane lamba, fuskarsa kamar ta ango.

"Hoton nan na safiyar Alhamis ne?"

"Ƙwarai."

"Barkonon da ke ciki tun Talata ya zama gari."

Gwangsop ya haɗiye miyau. Ya yi dariya, ya sake haɗiyewa. "Af! To gaskiya, Yallaɓai, harkar hotuna ba ni ke yi ba. Akwai ƙwararriyar talla da muka ɗauka, Malama Yom Dahye. Ita ke riƙe da shafin. Ni ma na yi mamakin saurinta."

"Jiya ka ce baƙin ciki ne ya sa hannunka sauri."

"Baƙin cikin nawa ne, hannun nata."

Malama Yom ta tafi taro Seoul, ba ta dawo ba sai safiyar Asabar. Insfekta ya kwana yana ƙirga awoyi. Ƙarfe goma ya same ta a ofishinta, wanda tebur ne guda a wani ɗaki da mutum ashirin ke haya tare. Ta miƙa masa kati da hannu biyu, tana fara'a.

"Ke kika rubuta labarin randar Inna Okbun?"

"Ka gani ko? Zuciya dubu talatin da ɗaya! Aikina ne, daga farko har ƙarshe. A taron jiya ma shi na nuna misali."

"Madalla. Hoton an ɗauke shi kwana biyu kafin satar. Wanda ya ɗauka ya san za a yi ta. Saje, ankwa."

Fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila.

"Tsaya, Yallaɓai! Ba ni ba ce! Na rantse da kabarin kakata ba ni ba ce!"

"Yanzu kika ce daga farko har ƙarshe."

"Ƙarya nake yi!" Ta rage murya, ta waiga ta ga ko maƙwabtan tebur na ji. "Yallaɓai, ni tallata ba ta taɓa wuce zuciya arba'in ba, kuma goma sha biyu 'yan gidanmu ne. Mako uku da suka wuce Gwangsop ya sallame ni, ya canza lambar sirrin shafin. Darasi kawai ya karɓa a wurina, ya bi ni da littafi yana rubutawa."

"Wane darasi?"

"Abin da kowa ke koyarwa. Layin farko ya tsayar da babban yatsan mai duba waya. A saka fuskar mutum, an fi son tsohuwa. A rufe da tambaya, don mutane ba sa iya wuce tambaya ba su tanka ba. In da hali a samar musu wanda za su ji haushi, haushi ya fi tausayi yaɗuwa."

"Saba'in da ɗari fa?"

"Gwaji ne. Ana fitar da iri biyu, a nuna wa rabin mutane wannan, rabi wancan, a ga wanda ya fi ja."

"Mutum ya gwada kuka iri biyu ya ga wanda ya fi kyau?"

"Haka ake yi, Yallaɓai."

Insfekta ya goge zufa. "Me ya sa kullum daidai kan awa? Bakwai daidai, sha biyu daidai."

"Ai ba da hannu ake sakewa ba. Ƙwararre ba ya rubutu ranar da zai wallafa. Ranar Litinin zai zauna ya rubuta na mako gaba ɗaya, ya saita wa kowanne rana da lokaci, na'ura ta riƙa saki da kanta ko yana barci. Kuma labari kashi uku ne: kuka, sai zargi, sai murna."

"Mun ga kuka, mun ga zargi."

"Saura murna. Ni na koya masa a ajiye ta ranar Asabar, sha biyun rana, lokacin da yunwa ke sa mutane duba waya."

Insfekta ya dubi agogo. Goma da minti arba'in.

Sun iso ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna, suka yi kiciɓis da Gwangsop a ƙofar baya, da hular rana da makullin mota a hannu.

"Ina zuwa?"

"Kasuwa, Yallaɓai. Awara ta ƙare."

"Awara na nan tuli," Inna ta ce daga kicin.

Insfekta ya sa aka rufe ƙofar shago, aka bar layi a waje. Ya aika aka kira Baba Pyo, wanda ya shigo yana kallon silin don kada ya haɗa ido da Inna. Aka zauna a teburin tsakiya. Insfekta ya jawo kwanon silba ya ajiye.

"Kowa ya sa wayarsa a nan. Dokar bincike ce."

Babu irin wannan dokar, amma Saje ta gyaɗa kai kamar ita ta rubuta ta. Gwangsop ya sa tasa a ƙarshe, yatsunsa na bin ta.

"Yanzu a sake ba ni labari daga farko," in ji Insfekta. "A hankali. Ni tsoho ne, rubutuna ba sauri."

Gwangsop ya zubo labari a minti biyu. Insfekta ya ce alƙalaminsa ya ƙi, a sake. Aka kawo wani alƙalami. Ya tambayi launin randar, da faɗin bakinta, da sunan surukar Inna, da garin da aka haife ta. Inna kuwa an taɓo inda take so, ta kama tarihi tun daga yaƙi.

Sha biyu saura ashirin Gwangsop ya ce zai zaga bayi.

"Je ka. Wayar ta jira ka."

Bai je ba. Saura minti goma ya ce yana jin kamar wayarsa ba caji. Saura biyar ya ce akwai wani abokinsa a asibiti da ya kamata ya gaisar. Rigar gugar ta jiƙe sharkaf, ga na'urar sanyaya ɗaki na aiki.

"Kai, lafiyarka?" in ji uwarsa. "Ko basir ɗinka ne ya tashi?"

Agogon bango ya buga sha biyu. Wayoyin da ke cikin kwano suka yi ƙara tare, kwanon ya ɗauki kaɗawa. A waje aka ji layi ya kaure da sowa da tafi.

Saje ta ɗauki wayarta, ta gyara murya, ta karanta: "An same ta! Yau da safe wani bawan Allah ya kira ni, na garzaya ƙarƙashin gadar rafi, na rungumo ta da hannuna. Mahaifiyata ta fashe da kukan murna. Ku kuka dawo da ita, da yaɗawarku. Duk wanda ya nuna wannan saƙon yau, ƙarin awara kyauta. Wa zai zo mu yi murna tare?"

Ta juya wayar kowa ya gani. Ga Gwangsop durƙushe a ƙarƙashin gada, ya rungumi randa, yana kallon sama da idon tausayi.

Inna ta ƙura wa hoton ido.

"Ni na fashe da kuka?" in ji Inna a hankali. "Yaushe?"

"Inna, bari in yi miki baya..."

Ludayin ya sauka a tsakiyar kansa, ƙwas! Insfekta ya ga lokacin da aka ɗaga shi sarai, amma a daidai lokacin ne ya ga ya kamata ya duba takalminsa.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," ya ce. "Tun sha ɗaya kana gabana, wayarka a kwano, gurbin randa wayam. Yaushe ka je gada?"

Gwangsop ya dafe kai, ya fashe da kuka, na gaske wannan karon. "Laraba da yamma na ɗauki hoton, bayan na fitar da ita. Na gurbin kuma tun Litinin, na matsar da ita gefe na ɗauka. Yau zan je in ɗauko ta kafin sha biyu, ku kuka tare ni. Aro na yi, Yallaɓai, ba sata ba!"

"Don me?"

"Shekara guda ina rubutu! Hoton miya, hoton awara, tarihin waken suya. Mabiya ɗari biyu da sha biyu. Kullum Inna sai ta ce wayar nan ko kare ba ta taɓa kawo mana ba. A gaban baƙi take faɗa. To ga shi, ku leƙa waje! Wa ya kawo su?"

"Baba Pyo fa? Me ya yi maka?"

"Darasin ne ya ce a samo wanda za a ji haushi. Allonsa ne ya fi kusa."

Baba Pyo ya harare shi. Ya tashi ya fita abinsa.

"Ina randar take?" in ji Inna. Muryarta ta canza.

Ashe a cikin mota ya ɓoye ta. Motar haya ce ta ɗaukar kaya, an ajiye ta a saman benen ajiye motoci na bayan kasuwa, hawa na ƙarshe, inda ba rufi. A can ne ya fi araha. Tun Laraba take cikin rana. Da Saje ta buɗe ƙofar baya, zafin da ya fito sai da ya sa ta ja da baya. Randar na ciki, an naɗe ta da leda rufi uku, an bi da salatif.

Suka kawo ta tsakar gida. Inna ta yanke ledar da wuƙa, ta ɗaga murfi. Wani tsami ya bugi hancin kowa. Saman ya yi kumfa, ya tsinke.

"Wa ya sa mata ruwa?"

Gwangsop ya sunkuyar da kai. "Kofi biyu ne kawai. Ta bushe a hoto, ba ta sheƙi."

Inna ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwa, ta lakato daga can ƙasa. Ta ɗanɗana. Ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta tofar a gefe, ta mayar da murfin a hankali kamar mai rufe wa yaro bargo.

"Ta mutu," ta ce.

Ta zauna a kan siminti. Sai yanzu kukan ya zo, kuma ba na murna ba ne. Insfekta Bong, wanda ya ga gawa ta fi ɗari a aikinsa, ya juya baya yana neman hankici.

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Baba Pyo ne, rungume da 'yar randarsa. Ya ajiye ta a gaban Inna, yana kallon katanga.

"Ranar da aka kawo matata Sunja amarya layin nan, ke kika ba ta kwano ɗaya. Kin manta, don ke ba kya tuna komai sai kwandon shara. Shekara talatin da huɗu. Tun da ta rasu ni nake buɗe ta da safe in rufe da yamma. Leƙen katangar ma, ina duba lokacin da kike rufe naki ne, in rufe tawa."

"Me ya hana ka faɗa tun shekaranjiya?" in ji Insfekta.

"In faɗa ta ce romona nata ne?"

"Ai nawa ne," in ji Inna, tana share hanci.

Ta buɗe, ta lakata da ɗan yatsa, ta sa a baki. Kowa ya tsaya da numfashi.

"Gishiri ya yi yawa. Hannun namiji." Ta sake lakatowa. "Amma ita ce."

Insfekta ya saki ajiyar zuciya da har Saje ta ji. Ya juya ga Gwangsop. "Za ka bi mu ofis. Ba wa hukuma bayanin ƙarya, da ɓata sunan mutum. Kuma kafin mu tafi za ka rubuta saƙo na huɗu, da hannunka, yanzu, ka faɗi gaskiya ka wanke tsohon nan. Iri ɗaya tak, ba gwaji."

Ya rubuta, Saje na tsaye a kansa. Layi uku ne, ba tambaya a ƙarshe. Aka sa masa ankwa. Har sun kai ƙofa ya waiga, ya ga uwarsa da Baba Pyo durƙushe a kan 'yar randa ɗaya, suna gardamar ludayi nawa za a ɗiba. Idonsa ya yi haske.

"Yallaɓai, dubi! Wannan fa shi zai fi duka tashi. A taimaka a ɗauki hoto ɗaya, ko da wayar Saje ce!"

Inna Okbun ba ta ko ɗago ba.

"Tafi da shi, ɗan nan," ta ce wa Insfekta. "In sun sake shi ka dawo mini da shi. Buɗe murfi da safe zan koya masa, daga nan zai fara."

Insfekta ya dafa kan Shugaban Sashen Talla, daidai inda ludayi ya bar ƙulu, ya tura shi cikin mota.